Saƙon Inna Balki

A Falanko in ka ce Mailafiya sai a tambaye ka wanne, amma in ka ce Sufleyan, ko jakin kasuwa ya iya nuna maka ƙofar gidan. Sufleyan kuwa, don wanda bai sani ba, shi ne mutumin da ake liƙa ɗan ƙaramin hotonsa a gefen na mai takarar depite. In Allah ya ba su, depite ya tafi majalisa Yamai, shi kuma ya koma gida ya zauna. Ba albashi, ba mota, ba kujera. Sai fa in depiten ya rasu ko an ba shi minista, sa'annan a waiwayo shi. Matarsa Ruƙayyatu, wadda magana ba ta kwana a cikinta, cewa take yi an mayar mata da miji tayar nan da ake ɗaurewa a bayan mota, rana na cin ta, ba ta taɓa taka ƙasa ba.

Mailafiya, wanda ake kira Mushe kamar kowane malamin boko, tsohon malamin lakwal ne, wato makaranta, dogo, siriri, mai tafiya a hankali kamar yana tsoron tada yashi daga barci. Magidanta da yawa a Damargu sun taɓa zama a gabansa suna cizon alli. Shi ya sa Alhaji Safiyanu, wani babban ɗan kasuwa na Damagaram, ya ɗauke shi. Alhaji ke da motoci, Mushe ke da fuskar da mutane suka yarda da ita. Zaɓe bayan zaɓe haka suka yi, suna ci. Alhaji ba mugu ba ne, tsakani da Allah, yana aiko da sukari in azumi ya kama. Amma dai tafin ƙafarsa bai san yashin Damargu ba sai lokacin neman ƙuri'a.

To, mutanen ƙauye da ba su ganin depite, wa za su kama? Suka kama Mushe. A kasuwa, a wurin suna, a zaman makoki, sai wani ya ja shi gefe ya rage murya.

"Mushe, ranar da ka shiga majalisar nan, ka faɗa musu..."

"Ni fa ba ni shiga. Sufleyan ne ni."

"Za ka shiga. Riƙe dai."

Da wani ne, ai sai ya ce to, ya karkaɗe kunne ya wuce. Amma Mailafiya ɗan mai raƙuma ne. Mahaifinsa ya yi fatauci tsakanin Damargu da Kano tun babu salula, kuma duk tafiya sai an ɗora masa saƙonnin baki, na gaisuwa, na mutuwa, na biko. Bai iya rubutu ba, a ka yake zuba su. In ya je bai samu mai shi ba, ba ya ba maƙwabci, ba ya yarwa a hanya. Sai ya dawo har ƙofar wanda ya aike shi, ya yi sallama, ya maimaita masa maganarsa kalma bayan kalma, ya ce ga abinka, ban kai ba. Sai an ce "na karɓa" yake juyawa. A kan wannan Mailafiya ya tashi, shi ya sa in aka ce masa riƙe, riƙewa yake yi da gaske.

Akwai na Hamza, wani makiyayi a bayan Belbeji, da ya ce a gaya musu gonaki sun cinye burtali har saniya biyu ba su iya jerawa a cikinsa. Akwai na Zalika ungozoma, da ta ce a gaya musu mai naƙuda ba ta san amalanke yana sauri ba. Har da na wani dattijo mai rigima da ke so majalisa ta binciki radiyo, don kullum sai ta ce an yi ruwa a Tanout alhali gonarsa ko yayyafi ba ta gani ba. Duk ya riƙe, da muryoyinsu da tarinsu da rantsuwarsu.

Amma mafi gajarta a cikinsu shi ya fi nauyi. Tun zaɓensu na farko, motar yawon neman ƙuri'a ta ɓace musu a arewacin Belbeji, Mailafiya ya sauka da ƙafa neman mai nuna hanya. Ya haura wani tudu sai ga 'yar tunga a ƙarƙashin itatuwan aduwa, bukkoki ba su fi a ƙirga da yatsu ba, da rijiya guda. Tungar Aduwa ke nan. Wata tsohuwa na daka a inuwa, Inna Balki, ta ajiye taɓarya ta ba shi ruwa a ƙwarya kafin ta tambayi sunansa.

"Gwamnati ta aiko ku, ɗana?"

"Mu ne dai masu son a aike mu wurinta, Inna. Me kuke so a faɗa? Lakwal? Famfo?"

Ta yi dariya har ta dafa turmi. "Kai, wannan dogon zance! Ka ce musu muna nan. Shi ke nan. Ba su sani ba ne, ɗana. Ranar da suka sani, su da kansu za su ji kunya."

Kullum bayan azahar Mailafiya yakan shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dogon yaron gidansa, ya rufe fuska da hula, ya bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya kamar mai tilawa. Tsakanin barci da ido biyu sai majalisar ta buɗe masa. Tasa majalisar ba ta da rufi. Kujerun a jere suke a kan farin yashi, depitoci sun tuɓe takalma, shanun Hamza na ratsawa ta tsakiya ba mai korarsu. Ya miƙe, ya buɗe baki, sai muryar Zalika ta fito, sa'annan ta dattijon radiyo, kowa ya yi tsit har ana jin kukan kurciya. Na Inna Balki yake ajiyewa ƙarshe. Da ya ja numfashi zai faɗa, sai Ruƙayyatu ta buga murfin tukunya.

"Malam, a tashi majalisa haka nan, la'asar ta yi."

Haka shekaru suka yi ta wucewa, gemu ya yi fari, yaran da ya koya wa karatu suka fara aurar da nasu. Sai wata shekara, da faɗuwar damina, Allah ya yi wa Alhaji Safiyanu rasuwa. An yi makoki, an share hawaye, kotu ta tabbatar da Mailafiya depite. Wayyo, ku zo ku ga Falanko ranar! Waɗanda suka shekara suna kiransa Onarabul don tsiya, yanzu suna faɗa bakinsu na rawa. Ruƙayyatu ta buɗe akwati ta fito da babbar rigar da ta ɗinka masa tun zaɓen farko, ta shanya ta don ƙamshin kafur ya fita. Tana shanyawa tana mita, wai ɓeraye ma sun fi majalisa sanin darajar rigar. Amma da ta juya baya, gefen zanenta ta kai ido.

Ya hau kar, babbar motar fasinja, ya tafi Yamai. Ya tarar majalisa na hutu, ba za a koma zama ba sai wajen kaka. Aka yi masa takardu, aka ba shi ɗamarar nan mai launin tuta da depitoci ke ratayawa a kafaɗa, wani ma'aikaci ya buɗe masa zauren don ya ga wurin zamansa. Ashe tana da rufi. Sanyi ne a ciki kamar cikin randa, ba yashi, ba kurciya, kujeru sun kewaye shi shiru. Ya zauna a tasa, ya taɓa makirfon da ɗan yatsa. Saƙonnin suka taso masa har maƙogwaro, suna turereniya, kowanne na son fita. Ya haɗiye su. Mahaifinsa bai taɓa ba ƙyauren gida saƙo ba don masu gidan sun fita. Wanda ya yi haƙurin shekaru, in ji shi a ransa, ai ya yi na 'yan watanni. Ya dawo gida jiran kaka.

Hatsi bai kai gwiwa ba, wata safiya radiyo ta tashi da kiɗan soja. Ba siyasa za mu yi ba a nan, kowa ya san abin da ya faru a Yamai cikin daminar nan. Abin da ya shafi Mailafiya kalma ɗaya ce, an dakatar da majalisa, kuma ba wanda ya ce ga ranar buɗe ta. Ruƙayyatu ta tsaya da ludayi a hannu, ta dube shi, ta dubi radiyon.

"Ikon Allah! Ranar da aka kwanto tayar, ranar motar ta tsaya."

Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ta shige ɗaki.

Shi bai yi kuka ba, kujera ba ta dame shi ba. Abin da ya dame shi ya bayyana ne bayan azahar. Ya kwanta, ya rufe fuska da hula, majalisar ta ƙi buɗewa. Muryoyin suka taso gaba ɗaya, ba layi, ba ladabi, Hamza na magana a kan Zalika, dattijon radiyo na buga sanda. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Shekarunsa sun ja. In ya mutu da kayan mutane a kansa, me zai ce? Da aka gama girbi ya ɗauki jaka, ya naɗe ɗamarar ya sa a ciki.

"Ina zuwa kuma, Malam?"

"Zan mayar wa mutane saƙonsu."

"Saƙon da su kansu suka manta? Wallahi, Malam, kai dai ba ka gajiya da neman abin da za a yi mana dariya."

Ta faɗi haka, amma ita ta dama masa fura ta cika gora, ita ta sa masa ƙuli-ƙuli a aljihun jaka.

Ya bi motocin kasuwa, ya bi amalanke, inda babu ya taka. In ya isa ƙofar mai saƙo sai ya tsaya ya rataya ɗamarar, don da sunan majalisa ya karɓa, da sunanta zai mayar. Ya yi sallama, ya faɗi maganar yadda aka ba shi, ya ce ga abinka, ban kai ba.

Dattijon radiyo ya yi dariya har haƙorinsa guda ya fito, ya ce na karɓa, ai har yau ƙarya take yi. Hamza kuwa da ya ji kalmominsa na ƙuruciya suna fitowa daga bakin wani, sai ya zauna a kan turken maraƙi. "Ni na faɗi haka? Saniya biyu? Mushe, yanzu ko ɗaya sai ta karkace." Sa'annan ya ce ya karɓa. Zalika ungozoma ta riga mu gidan gaskiya, 'yarta Raishatu ce ta fito. Da Mailafiya ya fara, har da ɗan tarin da marigayiyar ke yi kafin ta rantse, Raishatu ta toshe baki da mayafi. "Baba, don Allah sake faɗa." Ya sake. Ta shiga ɗaki ta ɗauro masa irin hatsi a tsumma, irin nan na Damargu mai saurin nuna, wanda uwarta ke ajiyewa. Ya ce shi ba ya karɓar lada. Ta ce ba lada ba ne, ta rasa abin da za ta yi da hannunta ne.

Abin mamaki, duk wanda ya mayar sai ya fita daga kansa fit, ko ya nema ba ya samu. Sanyi ya zo ya wuce, bazara ta shigo da zafinta, kan Mailafiya na ta yin sakayau kamar rumbun da ake ɗiba. Yakan leƙa gida ya huta, Ruƙayyatu ta yi masa faɗan ramewa, ya sake fita. A ƙarshen bazara saura ɗaya, mafi nisa.

Daga Belbeji wani mai amalanke ya rage masa hanya, sauran ya taka. Rana ta buɗe, kawalwalniya na rawa a gabansa, har ya riƙa ganin kamar tafki ne da bukkoki a bakinsa da mata suna wanki. In ya matso sai su ja baya. Ya haura tudun da ya sani. Itatuwan aduwa suna nan, rijiya tana nan. Bukka ko ɗaya babu. Sai zagayen da suka bari a ƙasa, da duwatsun murhu, da wani turmi da ya tsage ya kwanta a gefensa, yashi ya cika masa baki.

Wani Bafulatani na jan ruwa da takarkari a rijiyar. Suka gaisa, ya ba shi ya sha, Mailafiya ya tambayi mutanen gari.

"Ayya, Baba, ka makara. Tsohuwar ta rasu bara waccan. Ita ta riƙe su, da ma. Ana gama sadakar arba'in suka watse, wani Agadas, wani wurin haƙar zinariya, matan ban san inda suka nufa ba. Ga kabarinta can gindin babbar aduwa."

Mailafiya ya je ya tsaya a kan kabarin. Ya ciro ɗamarar ya rataya, ya yi sallama, ya yi mata addu'a. Ya buɗe baki zai ce ga abinki, sai maganar ta tsaya. Wa zai ce masa na karɓa? Ba ita, ba ɗa, ba jika. Can kuma wani tunani ya zo masa wanda ya fi wannan ciwo. A ce gobe a buɗe majalisa, a ce a kira shi, ya miƙe gaban jama'a ya ce mutanen Tungar Aduwa sun ce a gaya muku suna nan. Ƙarya zai yi. Ya riƙe maganar tsohuwar nan a kansa, yana juya ta kullum bayan azahar, har ta zama ƙarya a hannunsa. Baƙin ciki ya cika shi, ya zauna ya jingina da itacen.

Iska mai zafi na kaɗa ganyen aduwa, takarkari na zuwa yana dawowa, igiya na kuka a bakin rijiya. Idonsa ya yi nauyi. Sai ya ji daka. Turmin ya tashi tsaye, tsagewar ta haɗe, Inna Balki na bisa kansa da taɓarya, bukkoki sun dawo wurarensu da hayaƙi a kansu. Can bayan rijiya ga kujerun majalisa a jere cikin yashi, ba kowa a kai, suna jira.

"Ka kai, ɗana?"

"Ban kai ba, Inna. Na zo in mayar miki."

"Ka mayar mini in sa a ina? Hannuna da taɓarya." Ta ci gaba da dakanta, ba ta ko dube shi ba. "Matsa daga nan, kana zaune a kan gonata."

Ya farka la'asar ta yi sanyi. A gabas, can ƙasa-ƙasa, wani ɗan farin gajimare ya leƙo. Ya daɗe yana kallonsa. Sa'annan ya tashi ya bi kufan yana tona yashi da ƙafa har ya samu bakin sungumi, ya sare reshe ya yi masa ƙota. Ya cire ɗamarar ya rataye ta a aduwa, ya kwance tsumman Raishatu.

Binne zai yi. Mutanen Damargu sun san shi, ka sa iri cikin busasshen yashi tun ruwa bai sauka ba, ka rufe, ka bar wa Allah. In ruwa ya zo da wuri ka riga kowa, in ya yi jinkiri ka yi asarar iri. Kafin Bafulatanin ya kora shanunsa, Mailafiya ya kira shi. Shi da ya shekara yana ɗaukar na mutane, ranar ya ba da nasa.

"In ka shiga kasuwar Belbeji, ka samu direban motar Falanko. A gaya wa Ruƙayyatu matar Sufleyan ina Tungar Aduwa, zan yi damina a nan."

Ya kafa 'yar bukka da karan da iska ta bari. Fulanin da ke zuwa rijiya suna ba shi nono, suna kallonsa da tausayi irin wanda ake yi wa mai taɓin hankali. Aikin kuwa ba ya sauri, don binne na mutum biyu ne, ɗaya na gaba yana sara, ɗaya na baya yana jefa iri yana rufewa da diddige. Shi sai ya sare layi, ya ajiye sungumi, ya dawo farko ya bi da iri. Kafin ya dawo iska ta cike rabin ramukan.

Wata hantsi yana cikin sara ya ji ƙarar amalanke. Ya ɗaga kai. Ga tukunya, ga tabarma a naɗe, ga buhun gari, ga akuya a ɗaure tana ta kuka, ga Ruƙayyatu a zaune bisa kayan ta sha mur. Ta sauko tana dafa gwiwa, ta dubi bukkar, ta dubi ɗamarar da ke lilo a reshe, ta dube shi daga hula har ƙafa.

"An ce ka haukace, Malam. Na ce bari in zo in gani da idona."

"To, kin gani?"

"Na gani. Wannan ce majalisar?"

Ya gaya mata komai, tun daga ruwan da tsohuwar ta ba shi har zuwa kabarin. Ya ce ba ya iya kaiwa, ba ya iya mayarwa, abin da ya rage masa kawai kada ya bari maganar ta zama ƙarya, ko Allah zai sa wata rana a tambaya. Ruƙayyatu ta dubi layukansa da suka karkace, ta ja tsaki.

"Dubi wannan aiki, don Allah. Malamin lakwal guda bai iya ja layi ba. Ba ni irin nan."

Ta tuɓe takalma, ta ɗaure zane, ta juye irin a ƙwarya. Ya shiga gaba yana sara, tana biye tana jefawa tana rufewa da diddige, tana mitar zafin yashi. Gajimaren gabas ya ƙara tasowa, ya yi duhu daga ƙasa, amma iska ba ta juya ba tukuna.

Suna tsakiyar layi wani mai raƙumi ya ɓullo ta kan tudu, baƙo, da alama rijiya yake nema. Ya ga hayaƙi, ya ga akuya, ya ja akala ya ɗaga murya daga nesa.

"Salamu alaikum! Masu gari, kuna nan?"

Mailafiya ya tsaya da sungumi a sama. Ruƙayyatu ko kai ba ta ɗaga ba.

"Muna nan," in ji ta. Ta jefa iri, ta rufe da diddige, ta zungure shi da gwiwar hannu. "Sara mana, Malam, rana na yi."